Beyers Naudé: Limamin Kirista Da Ya Tuɓe Rigarsa

A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu akwai wata babbar hanyar mota wadda ta miƙa arewa maso yamma. Shekaru da yawa ana kiranta da sunan D. F. Malan, sai a cikin 2001 aka cire wannan suna aka sa na Beyers Naudé. Mutanen nan biyu ƙabilarsu ɗaya, ikkilisiyarsu ɗaya, kuma kowannensu limami ne da ya sauko daga mumbari ya tsunduma cikin sha'anin mulkin ƙasa. Malan shi ne Firayim Ministan da ya kafa mulkin wariyar launin fata a 1948. Naudé kuwa ya ƙarar da rabin ransa yana yaƙi da wannan mulki.

Nufin wannan takarda shi ne a bi rayuwar na biyun, a ga yadda aka yi ya juya. Masu ba da labarinsa su kan ce ya bar aikin addini ya shiga siyasa. Ni dai a ganina wannan magana ba ta kama daidai ba, gama ikkilisiyar da ya tashi a cikinta tun can a cikin siyasa ta ke tsundum, shi ma haka. Abin da ya yi shi ne sauya gefe, kuma juyin nasa biyu ne. Na farko kowa ya san shi. Na biyun ne ba a cika kula da shi ba, alhali ya fi wuya.

Tilas mai karatu ya san mutanen da ya fito daga cikinsu tukuna. Su ne Turawan da a ke kira Bowa, ko Afirkana, jikokin mutanen Holan da Jamus da Faransa waɗanda suka fara zama a kudancin Afirka tun 1652. Suna da harshensu, suna da babbar ikkilisiyarsu da a ke taƙaita sunanta NGK, mai bin koyarwar Kalbin. Daga 1899 zuwa 1902 suka yi yaƙi da Ingila, aka ci su. A cikin yaƙin nan Ingilishi suka ƙone gonakinsu, suka tattara iyalansu a sansanoni, inda fiye da mutum 26,000 suka mutu, yawancinsu mata da yara. Baƙaƙen mutane ma dubbai sun mutu a nasu sansanonin, amma ba su ne a ke tunawa ba. Wanda bai riƙe wannan ciwo a zuciyarsa ba, ba zai fahimci abin da ya sa Bowa suka ɗaure kansu tamkar tsintsiya ba, balle ya san girman laifin wanda ya zare kansa daga maɗaurin.

An haifi Naudé ran 10 ga Mayu 1915 a Roodepoort, lardin Transvaal. Ubansa, Jozua Naudé, limami ne, kuma ya yi yaƙin nan har ƙarshe. Da wakilan Bowa suka taru a Vereeniging a 1902 don su yarda da sulhu, yana cikin mutum shida da suka ƙi. Sunan da ya raɗa wa ɗansa na wani janar ne, Christiaan Beyers, wanda ya yi wa gwamnati tawaye a 1914 don kada a taimaki Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya nutse a kogin Vaal ana binsa. Har wa yau uban yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Broederbond a 1918, watau Ƙungiyar 'Yan'uwa. Wannan ƙungiya ta koma ta asiri. Ba a shiga sai an gayyaci mutum, kuma sai namiji Bature ɗan Bowa, ya yi rantsuwa ba zai faɗi abin da a ke yi ciki ba. Ta cusa mutanenta cikin makarantu, da bankuna, da aikin gwamnati, da majalisun ikkilisiya. Daga 1948 har 1994 babu wanda ya shugabanci Afirka ta Kudu wanda ba ɗanta ba ne.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya girma a Graaff-Reinet, garin da Malan ya yi limanci kafin ya bar mumbari a 1915 ya koma editan jarida. Ya yi karatu a Jami'ar Stellenbosch, ya sami digiri a harsuna da ilmin tauhidi, kuma cikin malaman da ke koyarwa a can a lokacin har da H. F. Verwoerd, wanda daga baya ya zama babban maginin wariya. A 1940 aka shigar da shi Broederbond yana da shekara 25. A wannan shekara kuma ya auri Ilse Weder, 'yar wani ɗan mishan na Genadendal. A garin su matar ne ya fara ganin Turawa da mutanen nan da a ke kira ruwa-biyu suna sujada a ɗaki ɗaya, amma abin bai dame shi ba a lokacin. Ya yi limanci a Wellington, da Loxton, da Pretoria, da Potchefstroom, ana ta yabonsa, ana ganin wata rana shi zai shugabanci ikkilisiyar duka.

Ya kamata a faɗi matsayin ikkilisiyar nan a fili. Tun 1857 babban taronta ya yarda a raba wurin sujada, wai saboda raunin waɗansu Turawa da ba su iya cin Jibin Ubangiji tare da baƙin mutum. Abin da aka yi da sunan rangwame sai ya zama ƙa'ida. Aka kafa wa ruwa-biyu tasu ikkilisiya a 1881, daga baya Baƙaƙe ma aka ware musu tasu. Da Malan ya hau mulki, malaman tauhidi suka yi ta kawo hujjoji daga Littafi Mai Tsarki, musamman labarin hasumiyar Babila, suna cewa Allah ne Ya raba al'ummai, don haka kowace ta zauna daban. Dokoki suka biyo baya: ta hana auratayya tsakanin launuka a 1949, ta rubuta launin kowa a rajista da ta raba unguwanni a 1950, ta ilmin Baƙaƙe a 1953. Naudé bai yi musun ko ɗaya ba. Mu a Nijeriya ma ba baƙin ikkilisiyar nan ba ne, don 'yan mishan ɗinta sun yi aiki a ƙasar Tibi tun 1911, sai a 1961 suka miƙa aikin ga waɗansu suka tafi.

Juyinsa na farko bai zo dare ɗaya ba. A 1953 ya yi tafiya Turai da Amurka don duba aikin matasa, aka yi ta yi masa tambayoyi game da wariya, ya ga amsoshin da ya haddace ba su gamsar da kowa ba, har shi kansa. Tsohon malaminsa B. B. Keet, da wani malami Ben Marais, sun riga sun rubuta cewa hujjojin nan ba su da tushe. Da ya koma Potchefstroom sai ya zauna ya bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Sa'an nan waɗansu samarin limamai da ke aiki cikin Baƙaƙe suka riƙa kai shi yana ganin barikokin ma'aikata, inda maza ke zaune shekara da shekaru ba a yarda matansu da 'ya'yansu su zo ba. Mutum ne mai shekara fiye da arba'in, haifaffen ƙasar, amma sai a lokacin ya ga yadda mafi yawan mutanen ƙasarsa su ke zaune. Duk da haka ya yi shiru. A 1959 ya karɓi limancin Aasvoëlkop, unguwar masu hali a Johannesburg, wadda manyan Broederbond da dama ke cikinta.

Ran 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville kan taron mutanen da suka fito ƙin dokar fas, watau takardar izinin da tilas baƙin mutum ya riƙa yawo da ita. Aka kashe 69, da yawa a baya harsashi ya same su suna gudu. Gwamnati ta haramta jam'iyyun ANC da PAC. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta kira taro a Cottesloe, cikin Johannesburg, daga 7 zuwa 14 ga Disamba, wakilai 80 daga ikkilisiyoyi takwas, Naudé yana cikin na NGK. Abin da suka yanke ba mai zafi ba ne. Sun ce ba a hana Kirista shiga majami'a saboda launinsa, babu hujja cikin Littafi da ta hana auratayya, tsarin ƙwadago da ke raba miji da iyali yana rushe gidaje, kuma mutum yana da hakkin mallakar ƙasa inda ya ke zaune. Yawancin wannan ma daga takardun wakilan NGK aka ɗauko.

Verwoerd, wanda ya zama Firayim Minista tun 1958, ya gane inda maganar za ta kai. A jawabinsa na sabuwar shekara ya nuna cewa ra'ayin waɗansu ɗaiɗaiku ne kawai, ikkilisiya ba ta yi magana ba tukuna. Broederbond ta aika wa 'ya'yanta abin da za su yi. A 1961 majalisun ikkilisiyar suka yi watsi da Cottesloe, suka fita daga Majalisar ta Duniya. Wakilan da suka sa hannu suka riƙa janyewa, wani ya ce ba a fahimce shi ba, wani ya yi gum. A taron Transvaal kusan Naudé kaɗai ya tsaya kan abin da ya sa wa hannu. A nan ne ya gani da idonsa cewa ba ikkilisiya ke yanke shawara ba, a wani ɗaki dabam a ke yanke mata.

A 1962 ya fara buga wata mujalla mai suna Pro Veritate. Abin mamaki, a Afrilu 1963 aka zaɓe shi shugaban majalisar ikkilisiya ta Kudancin Transvaal. Waɗansu sun zaɓe shi don suna ƙaunarsa, waɗansu kuwa da fatan muƙami zai rufe masa baki. A watan Agusta aka kafa wata Cibiyar Kirista wadda ta haɗa kowane launi da kowace ɗariƙa, aka nemi ya zama darektanta. Ikkilisiya ta ce ya zaɓi ɗaya, ko limanci ko Cibiya. Ran 22 ga Satumba 1963 ya hau mumbarin Aasvoëlkop ya yi wa'azi kan Ayyukan Manzanni sura 5 aya 29, inda manzanni ke gaya wa majalisa cewa biyayya ga Allah ita ke gaba da biyayya ga mutum. Ya gaya wa jama'arsa abin da ya zaɓa. Da ya zo yi musu sallama ya tuɓe rigar limanci a gabansu. Yana da shekara 48, da mata da 'ya'ya huɗu, ya bar albashi da gida da girma.

Akwai wani al'amari na wannan shekara da ba ya kyautu a ɓoye. Kafin ya fita daga Broederbond, Naudé ya ba abokinsa Farfesa Albert Geyser waɗansu takardun asirin ƙungiyar, don ya duba ya ba shi shawara kan yadda ta ke juya ikkilisiya. Geyser ya ɗauki hotonsu, suka kai hannun wani ɗan jarida, jaridar Sunday Times ta yi ta buga su. Daga baya Naudé ya amsa cewa daga hannunsa suka fita. Ga Bowa wannan ya fi wa'azin zafi. Mutum ya yi rantsuwa ya karya, kuma ƙungiyar da ubansa ya kafa! Shi dai hujjarsa ita ce rantsuwar da ta tilasta wa limami ya ɓoye wa ikkilisiya mai juya ta ba abin riƙo ba ce. Mai karatu ya auna da kansa. Abin da ya tabbata shi ne an sa masa sunan maci amana, abokai suka daina gaishe shi, 'yan'uwansa na jini da dama suka juya masa baya, matarsa ta zauna a majami'a ba mai kusantarta. Wani farfesa, A. D. Pont, ya yi ta rubuta cewa shi da Geyser 'yan kwaminis ne masu sayar da ƙasa, har suka kai shi ƙara, a 1967 kotu ta ce ya biya kowannensu rand 10,000.

A shekarun farko na Cibiyar, Naudé yana nan da begen cewa da ɗan gari a kan ci gari. Yana tsammani in ya zauna da 'yan'uwansa Bowa ya buɗe musu Littafi, za su ga abin da ya gani. Ya kafa ƙungiyoyin nazari a gidaje. Ya yi ta karanta labarin Kiristocin Jamus da suka ƙi bin Hitila, musamman Dietrich Bonhoeffer wanda aka rataye a 1945, ya yi kira a kafa irin tasu ikkilisiya mai tsayawa kan shaida. A 1968 Cibiyar da Majalisar Ikkilisiyoyi ta Afirka ta Kudu suka fitar da saƙo ga mutanen ƙasa, suka ce wariya bisharar ƙarya ce. Turawa kaɗan ne suka saurara. Ikkilisiyarsa ma ta hana 'ya'yanta shiga Cibiyar.

Daga nan juyi na biyu ya fara. A ƙarshen shekarun 1960 wani ɗalibin likitanci, Steve Biko, da abokansa suka fito da wata koyarwa mai cewa baƙin mutum ya daina jiran Bature mai tausayi ya yi magana a madadinsa, ya san darajar kansa, ya ja ragamar 'yancinsa. Wannan magana ta fi ƙona Turawa masu sassauci, don da su a ke. Da yawansu suka yi fushi, suka ce ai wannan ma wariya ce. Naudé ya saurara, ya ga gaskiya ce. Mutumin da aka rene shi tun yana yaro don ya shugabanci jama'a, wanda ya riga ya ba da duk abin da ya mallaka, yanzu samari sa'o'in 'ya'yansa suna ce masa ya koma baya ya bi, kuma ya koma. Cibiyar ta taimaka aka kafa shirin raya al'ummar Baƙaƙe a 1972, wanda Biko ya yi aiki a cikinsa, ta nemo kuɗi, ta bar musu ragama. Ta kuma yi aiki da ikkilisiyoyin nan masu zaman kansu na 'yan Afirka, waɗanda manyan ɗariƙu ke rainawa. Tuɓe riga a gaban jama'a abu ne na rana ɗaya, kuma akwai masu tafi. Wannan kuwa aikin shekaru ne, babu mai tafi.

Gwamnati ta gane cewa yanzu ne ya zama haɗari. A 1972 ta kafa kwamitin Schlebusch don ya binciki Cibiyar da waɗansu ƙungiyoyi uku. Naudé ya ƙi ba da shaida, ya ce kwamitin 'yan siyasa ne, a asirce ya ke zama, ba alƙali a ciki. A 1973 aka yanke masa tarar rand 50 ko wata ɗaya a kurkuku. Bayan ɗaukaka ƙara ta ƙare a 1976 ya ƙi biya, ya kwana ɗaya a kurkuku, wani limami ya biya masa. A 1975 an riga an hana Cibiyar karɓar kuɗi daga waje. Ran 16 ga Yuni 1976 'yan makaranta suka tashi a Soweto. Ran 12 ga Satumba 1977 Biko ya mutu a hannun 'yan sanda. Ran 19 ga Oktoba aka haramta Cibiyar da ƙungiyoyin Baƙaƙe da yawa da jaridar The World, shi kuma aka yi masa ɗaurin talala na shekara biyar.

Ga abin da ɗaurin nan ya ƙunsa. Ba ya fita gundumar Johannesburg. Ba ya shiga unguwar Baƙaƙe, ko makaranta, ko masana'anta. Ba a buga maganarsa a jarida. Ba ya zama da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda. Da shekara biyar ta cika a 1982 aka ƙara masa uku. An so a kashe muryarsa, sai gidansa ya zama kamar fada, mutane suna jira a shiga ɗaya bayan ɗaya: matan waɗanda aka tsare, da samarin da a ke nema, da limamai, da baƙi daga ƙasashen waje. Suna kiransa Oom Bey, watau Kawu Bey. A 1980 ya fita daga NGK ya shiga ikkilisiyar Baƙaƙe ta unguwar Alexandra.

A shekarun nan ya yi abubuwan da doka ta hana, bai musa ba daga baya. Ya raba kuɗi ga waɗanda ke aiki a ɓoye, ya taimaki waɗansu suka tsallake iyaka, ya isar da saƙonni. Ya san cewa ANC ta ɗauki makami tun 1961, kuma cikin waɗanda ya taimaka akwai masu zuwa can. Shi bai yi kira a zub da jini ba, amma ya ƙi ya la'anci waɗanda aka toshe wa kowace ƙofa. Ya kan tuna wa Bowa cewa iyayensu ma sun ɗauki bindiga a kan Ingila. Masu sukarsa suna cewa a nan ya wuce iyakar limami. Maganarsu ba ta banza ba ce, sai dai yawancinsu ba su ce uffan ba sa'ad da limaman ikkilisiyarsu ke sa wa sojan gwamnati albarka.

A Satumba 1984 aka ɗage ɗaurin ba zato. A 1985 ya gaji Desmond Tutu a matsayin babban sakataren Majalisar Ikkilisiyoyi ta ƙasar, yana da shekara kusan 70, cikin dokar ta-ɓaci, ana tsare mutane dubbai. Ya riƙe na ɗan lokaci kawai, a 1987 ya miƙa wa Frank Chikane, baƙin fasto wanda bai kai shekara 40 ba. A Yuli na wannan shekara yana cikin Bowan da suka tafi Dakar suka gana da shugabannin ANC. A Mayu 1990, da aka zauna tattaunawar farko tsakanin gwamnatin F. W. de Klerk da ANC a Groote Schuur, Nelson Mandela ya sa shi cikin tawagarsa, ko da ya ke bai taɓa yankar katin jam'iyyar ba. Shi kaɗai ne ɗan Bowa a wannan gefen tebur, yana fuskantar mutanen da suka fito daga ƙungiyar ubansa.

Bai nemi kujerar majalisa ba, bai zama minista ba. Ikkilisiyar da ta kore shi kuwa ta yi ta ja da baya a hankali. A 1982 taron ikkilisiyoyin Kalbin na duniya a Ottawa ya ce kare wariya da Littafi ɓata ne, ya dakatar da ita. A 1986 ta fara janye hujjojinta. A 1994, shekarar da Baƙaƙe suka fara jefa ƙuri'a tare da kowa, babban taronta ya kira Naudé ya roƙe shi gafara, shekara 31 bayan wa'azin nan.

Ya rasu ran 7 ga Satumba 2004 a Johannesburg yana da shekara 89. Aka yi masa jana'izar gwamnati a majami'ar Aasvoëlkop, inda ya tuɓe rigar, Tutu ya yi wa'azi, Shugaba Thabo Mbeki ya yi jawabi. Bisa ga wasiyyarsa aka ƙone gawar, aka kai tokar Alexandra aka watsa.